Bututun Gilashi Yana Tarwatsewa Idan Na Zo Yankawa, Ina Kuskuren Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata makarantar sakandare. Kwanan nan na fara koya wa kaina hura gilashi, don in riƙa gyara 'yan kayanmu da suka karye maimakon zaman jiran sababbi. Na samu bututu iri uku, mai faɗin milimita 8, da mai 18, da mai 40, kuma da magagari nake yankawa. Ƙaramin yakan karye, amma bakinsa ya fito kamar haƙoran zarto. Na tsakiyar ya tsage a tsaye. Babban kuwa tarwatsewa ya yi a hannuna. Wani ya ce in ɗaura zare, in jiƙa shi da kananzir, in kunna masa wuta. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da fatan hannun bai ji ciwo ba. Kalmar "yankawa" da ka ambata ita ta fara nuna mini inda gizo ke saƙar. Mu ma haka muke cewa a bakin aiki, amma magagari ba ya yanka gilashi yadda zarto ke yanka katako. Aikinsa ɗaya ne tak, ya yi wa fatar bututun ɗan rauni ƙarami mai kaifi a daidai wurin da kake so. Daga nan hannuwanka ne, ko zafin wuta, za su buɗe raunin har ya zagaye bututun. Ina kyautata zaton gurzawa kake yi gaba da baya kana neman rami ya yi zurfi, sannan ka lanƙwasa shi yadda ake karya rake a gwiwa. Kusan duk wanda ya zo hannuna koyon wannan aiki da haka ya fara, ni ma da haka na fara.

Ka fara fahimtar halin abin da ke hannunka. Gilashi yana da juriya ƙwarai idan danna shi ake yi, amma rago ne idan ana jansa. Kuma ba ya miƙewa kamar ƙarfe kafin ya karye, daga lafiya sai karaya. A shekarar 1921 wani injiniya ɗan Ingila mai suna A. A. Griffith ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi, da gilashi kuwa ya yi shi, inda ya nuna cewa 'yan ƙananan tsagogin da ido ba ya gani su ne ke sa gilashi karyewa da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba. Duk jan da aka yi wa gilashin yana taruwa ne a kan tsinin tsagar, kuma gwargwadon kaifin tsinin gwargwadon yawan abin da ke taruwa a wurin. To ka ga abin da muke nema ke nan: tsaga guda ɗaya, mai kaifi, wadda ta fi duk sauran tabon da ke jikin bututun rauni, sai kuma ja. Idan ka gurza magagari sau biyar ko goma, ka yi kwari mai faɗin ƙasa marar kaifi, gefensa cike da tsagogi birjik, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Da ka matsa sai su tashi tare, kowace ta kama gabanta. Haƙoran zarton da ka gani a bakin ƙaramin bututunka, sawun tafiyarsu ne.

Ka tuna da kwalbar ruwan allura ta asibiti, wadda ake fasa wuyanta. Da yawa daga cikinsu akwai ɗan ɗigon fenti a saman wuyan. A ƙarƙashin ɗigon akwai 'yar tsaga ɗaya da aka yi tun a masana'anta. Ma'aikaciyar jinya takan juyo ɗigon wajenta, ta tura kan kwalbar baya, ya ɓalle tas ba tare da ta yi wani ƙarfi ba. Shi ne dai aikin da za ka yi, sai dai kai da hannunka za ka yi tsagar.

Game da abin yin tsagar, mafi kyau shi ne wuƙar gilashi ta kabayid, wato tangistin kabayid, wanda taurinsa ya ɗara na ƙarfen magagari nesa ba kusa ba. Idan babu, magagari mai kusurwa uku, sabo, mai ƙananan haƙora, zai yi. Sai dai gilashi yana cin kaifinsa da sauri, musamman irin mai jure zafi, don haka ka ware shi don wannan aiki kaɗai, kada a goge ƙusa ko makulli da shi. Wata dabara ta tsofaffin ma'aikata ita ce a kai magagarin wajen mai injin washi a shafe haƙoran fuska ɗaya, sai kusurwoyi biyun da ke gefenta su fito da sabon kaifi. A riƙa tsoma shi a ruwa ana yi, don idan ya yi zafi har ya sauya launi taurinsa ya tafi. Idan kana da sanayya da masu injin sassaƙa ƙarfe, roƙi tsohon haƙorin kabayid ɗin da suka cire, yawanci akan samu gefe ɗaya da bai ci ba, kuma zai yi maka shekaru. Abin yankan gilashin taga mai 'yar ƙaramar taya kuwa, don shimfiɗaɗɗen gilashi aka yi shi. A kan bututu zamewa yake yi, ban ba ka shawararsa ba.

Mu ɗauki na milimita 8. Ka goge shi tukuna, ka kwantar da shi a kan tebur mai laushi, ko katako ko kwali, ka sa alama. Ka dafe bututun da hannun hagu, ka ɗora farcen babban yatsanka kusa da alamar ya zama jagora ga magagarin. Ka ɗora kusurwar a gicciye sosai, ka danna daidai misali, ka ja sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Wasu sun fi son su riƙe wuƙar cik su ɗan mirgina bututun a ƙarƙashinta, duk ɗaya ne. Tsawon tsagar milimita 3 ko 4 ya isa, kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen bututun. Ba a zagaye shi duka, domin da wuya ƙarshen zanen ya haɗu da farkonsa daidai, kuma inda suka saɓa nan ɗan ƙaho zai fito. Kunnenka zai gaya maka ko ta yi: tsaga mai kyau tana da 'yar ƙara siririya, ƙirit, gajeriya. Idan ka ji gurzawa, ko ka ga farin gari yana zuba, ko dai ka danna da yawa ko kaifin ya mutu. Maigidana da ya koya mini aikin yakan ce in riƙa tuna wanzami. Askarsa ba ta komawa inda ta riga ta bi.

Sai ka jiƙa wurin. Ɗigon ruwa ɗaya, ko yawu a kan yatsa, abin da yawancinmu ke yi ke nan. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin camfin 'yan sana'a, ashe yana da tushe. Ruwa yana shiga har tsinin tsagar, ya taimaka wajen tsinke haɗin da ke tsakanin silikon da oksijin, waɗanda su ne ƙashin bayan gilashi, sai tsagar ta yi gaba da ƙarfin da bai kai na busasshiya ba. Wani mai bincike a Amurka, Sheldon Wiederhorn, ya auna wannan a 1967, ya nuna yadda saurin tafiyar tsaga ke ƙaruwa idan laimar iska ta ƙaru. A wurinmu abin ya fi fitowa fili da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Ka kuma karya nan take. Tsagar da aka yi aka bar ta ta kwana, ko ma ta yi 'yan mintoci, takan yi taurin kai. Yatsan kawai za ka jiƙa ka shafa, kada ka kai harshe kan gilashin ɗakin gwaji, ba ka san abin da ya taɓa ba.

Yanzu riƙon, wanda nan ne mutane suka fi faɗuwa. Ka ɗauki bututun da hannu biyu a daidai ƙasan ƙirjinka, tsagar tana kallon gaba, nesa da jikinka. Manyan yatsunka biyu su haɗu a bayanta, ta gefen da ke kallonka, kusa da juna har su kusa taɓawa. Sauran yatsun su naɗe bututun. Sai ka ja hannuwan biyu, dama ta yi dama, hagu ta yi hagu, kamar mai son ƙara wa bututun tsawo, kana cikin jan sai ka ɗan tura manyan yatsun gaba. Jan shi ne babba, lanƙwasawar 'yar rakiya ce. Dalili kuwa, idan lanƙwasawa kaɗai ka yi, gefen tsagar yana buɗewa amma gefen da ke wajenka yana matsuwa, kuma tsaga ba ta son shiga inda ake matsi. Da ta iso rabin hanya sai ta kauce, ta bi tsawon bututun, ko ta ɓalle da dogon harshe mai tsini. Jan da kake yi shi ke rage matsin a ɗaya gefen, ya ba ta hanya ta zagaye. Idan an yi daidai, ƙarar ɗan tas za ka ji, kuma za ka yi mamakin ƙarancin ƙarfin da ya ci.

Idan ka ja daidai misali bai karye ba, tsaya. Kada ka ƙara ƙarfi. Duk munanan raunukan da na gani a wannan aiki daga nan suke farawa, mutum ya ce bari in ɗan ƙara. Ka matsa santimita ɗaya ko biyu ka yi sabuwar tsaga, ko ka koma hanyar zafi da zan bayyana. Ka sa tabarau na kariya kowane lokaci. Mai koyo kuma ya naɗe bututun da tsumma ko tawul, tsumman ya rufe tafin hannu amma ya bar shi yana jin inda yatsunsa suke.

Na milimita 18 yana karyuwa da hannu, amma ya kusa iyaka. A ganina daga 12 zuwa ƙasa kowa zai iya, daga nan zuwa wajen 20 ko 25 sai wanda hannunsa ya faɗa, abin da ya haura haka kuwa ba na ko gwadawa. Kaurin bangon ma yana da ta cewa. Bututu mai faɗi amma siririn bango ya fi haɗari, domin yatsunka na iya burma shi kafin tsagar ta motsa. Mai kauri da ƙaramin rami, irin na ma'aunin zafi, da sandar gilashi marar rami, sun fi sauƙin hali. A na 18 ɗin ka ɗan tsawaita tsagar zuwa milimita 6 ko 8, ka ƙara yawan ja, ka rage turawa. Tsagewar tsaye da ka samu alama ce ta ɗayan abu uku: zanenka ya karkace, ko ka lanƙwasa ba ja, ko kuma bututun da ma yana da damuwa a jikinsa, zan zo kan wannan. Wani abu kuma, hannu yana bukatar wurin kamawa. Idan guntun da za ka cire bai kai faɗin tafin hannunka ba, kada ka karya da hannu ko da bututun ƙarami ne.

Kafin mu taɓa na 40 da zancen zaren kananzir, dole ka san irin gilashin da ka saya, domin amsar ta rataya a kansa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai gilashin soda, dangin na kwalba da taga, mai saurin narkewa. Akwai kuma borosiliket, wanda Otto Schott ya samar a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya fito da nasa da sunan Pyrex a 1915. Shi ne ake sayarwa da sunaye irin su Duran. Kusan kashi 81 cikin ɗari nasa silika ne, wajen kashi 13 kuma oksayid ɗin boron. Bambancin da ya shafe mu shi ne kumburi. Idan ka ƙara wa sanda mai tsawon mita ɗaya zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius, ta borosiliket za ta ƙaru da kusan milimita 0.33, ta soda kuwa da kusan 0.9, wato kusan ninki uku. Duk hanyoyin yanka da zafi da wannan kumburin suke aiki: wuri ɗaya ya yi zafi ya kumbura, na kusa da shi yana sanyi, sai ja ya samu a tsakaninsu. Gilashin da ba ya kumbura sosai ba ya jin wannan kiran da sauƙi.

Gane su ba wuya. Ka leƙa bututun ta baki, ta tsawonsa: na soda yakan nuna kore-kore, borosiliket kuwa fari ne ko ya ɗan yi ruwan ɗorawa kaɗan. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na giliserin, wanda na san ba za a rasa a ɗakinku ba. Ka tsoma guntun a ciki, ya cika ramin. Borosiliket zai kusan ɓacewa daga gani, saboda yadda yake karya haske ya yi daidai da na giliserin, na soda kuwa za ka ci gaba da ganin gefensa. A wuta ma, na soda yana saurin yin laushi a fitilar Bunsen, wato ɗan murhun gas na ɗakin gwaji, borosiliket kuwa sai wajen digiri 820 yake fara saki, ba ya kuma aikatuwa sosai sai da wutar gas haɗe da oksijin. Ka ware su a ma'aji daban-daban, ka rubuta suna. Idan ka liƙa ɗaya da ɗaya, haɗin zai yi kyau a ido yana da zafi, da ya huce sai ya tsage.

To zaren kananzir. A kan kwalbar lemo yakan yi, wani lokaci, domin gilashin soda ce mai kauri. Amma harshen wutar yana lasar wuri mai faɗi, ba ya tsayawa a kan layi, don haka bakin yakan fito a karkace, da 'yan tsagogi da za su tashi daga baya idan ka kai shi wuta. A kan borosiliket kuwa yawanci baƙin hayaƙi kawai za ka samu. Ka bar shi.

Ga yadda nake yi wa na 40. In yi tsaga kamar santimita ɗaya, mai kyau, a gicciye. Don kada ta karkace, nakan naɗa takarda mai miƙaƙƙen gefe a jikin bututun, gefen ya hau kan kansa daidai, in bi shi da alƙalami in zagaye, sai in cire takardar. In jiƙa tsagar. In kwantar da bututun a kan tebur. Sai in ɗauki siririyar sandar gilashi, mai kaurin milimita 3 ko 4, in sa bakinta a wuri mafi zafi na harshen wuta har ya narke ya dunƙule kamar ƙwayar gero babba, yana haske. Daga wuta kai tsaye, ba tsayawa, in dangwala shi a ƙarshen tsagar, in riƙe shi nan daƙiƙa biyu ko uku. Sau da yawa za ka ji ƙyas, ka ga wani siririn layi mai sheƙi ya fita daga tsagar. Wani lokaci yakan zagaye gaba ɗaya a tashi guda. Idan ya tsaya a hanya, sai in sake narkar da bakin sandar in dangwala shi kaɗan a gaban inda layin ya tsaya, kamar milimita 3, a kan zanen alƙalamin. Tsagar tana bin zafi yadda akuya ke bin mai dusa. Haka za ka yi ta janta har ta koma inda ta fito, sannan ka raba su da ɗan ja, ba lanƙwasawa.

Abubuwa biyu ke hana wannan hanya aiki. Na farko, ɗigon bai yi zafi sosai ba, ko an tsaya kallonsa a hanya ya huce. Ga borosiliket ja-ja bai isa ba, sai ya yi haske sosai, shi ya sa teburin ya kamata ya kasance dab da wutar. Na biyu, ɗigon ya yi girma, ya ɗumama wuri mai faɗi, tsagar ta rasa inda za ta nufa. Idan ka dangwala sau uku shiru, ka bar bututun ya huce sarai kafin ka sake, don wurin da ya riga ya ɗumama ba ya amsawa. Wannan hanya ita ce kuma maganin cire ɗan guntu daga bakin bututu, da yanka abin da aka riga aka haɗa wanda ba shi da wurin riƙo.

Akwai hanyar waya mai zafi, wadda ta fi dacewa da manyan bututun soda. Ana zagaye bututun da wayar nikurom, irin ta cikin hita, a kan tsagar, ba tare da bakunan wayar sun taɓa juna ba, a ba ta wuta ta yi ja na kamar rabin minti, sai a cire a ɗiga ruwa a kan tsagar. Yankan yakan fito kamar an sa ruwan awo. Sai dai da taransifoma mai rage ƙarfin lantarki ake yi. Kada ka kuskura ka haɗa wayar da soket kai tsaye. Masu injin zarto na daimon mai ruwa kuma suna yanka kowane girma, amma bakin da zarto ya ci yakan bar farin layi a wurin haɗi idan ba a wanke shi sosai ba.

Tunda hura gilashi ka sa gaba, akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu: sau da yawa ba ma bukatar tsaga ko kaɗan. Idan ƙarshen bututun rufe shi za ka yi, ko kana son siririn mariƙi da za ka riƙa juya shi da shi, da wuta ake rabawa. Ka riƙa juya bututun a cikin harshen wuta, hannu biyu suna tafiya tare, har wurin ya yi laushi ko'ina, ka fitar da shi daga wutar, ka ja a hankali kana ci gaba da juyawa, ya sirance, sannan ka ƙone tsakiyar siririn ya rabu. Ka samu guda biyu, kowanne da mariƙinsa, ba ɓarɓashi ko ɗaya. Ja a cikin wuta shi ke sa ya tsinke ya lanƙwashe, a waje ake ja. Babban bututu kuma a fara ɗumama shi a gefen wuta kafin a shigar da shi tsakiya, kuma ya zama busasshe ciki da waje.

Bayan yanka, baki. Idan ɗan ƙaho ya fito, ka ɗauki ragar wayar da ake ɗorawa a kan murhun gwaji, ka riƙa shafar ƙahon da ita da sauri, daga waje zuwa ciki, bakin bututun yana kallon ƙasa, zai riƙa ɓarewa kaɗan-kaɗan. Idan kana son baki shimfiɗaɗɗe sosai, ka zuba garin kaborandam, wato garin washi mai tauri, da ruwa a kan guntun gilashin taga, ka riƙe bututun a tsaye kana zagayawa. Sannan ka wanke ɓarɓashin da ke ciki, ka busar. Duk bakin da zai taɓa leɓenka, ko robar hurawa, ko toshiyar roba, sai an lasa masa wuta: ka riƙa juya shi a gefen harshen har kaifin ya narke ya yi sumul. Da ka ga gefen ya yi sheƙi ya dunƙule, cire shi, idan ka daɗe ramin zai tsuke. Bakin da za ka liƙa da wani bututun kuwa tsabta ya fi bukata. Ka goge tawadar alƙalami da maiƙon yatsa da barasar gwaji, domin abin da ka bari wuta za ta gasa shi a cikin haɗin. Hasken rawaya mai ƙarfi da ke tashi idan gilashi ya shiga wuta na sodiyam ne, yana rufe maka ganin aikin yana kuma gajiyar da ido, shi ya sa masu sana'ar ke sa tabarau na didimiyam.

Gilashi mai zafi da mai sanyi kamanninsu ɗaya. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma a teburin nan a bari ya huce ɗin shi ne daidai. Ka saba ajiye kowane guntu bakinsa mai zafi yana kallon nesa da kai, kullum ta fuska ɗaya, har ya zama hannunka ya san ta inda zai ɗauka ko ba ka duba ba.

Na ce zan dawo kan damuwar da ke cikin gilashi. Bututun da aka taɓa kai wa wuta ya huce da sauri yana riƙe da ja a jikinsa, ko da ido bai ga komai ba. Irin wannan idan ka yi masa tsaga kusa da wurin, tsagar ba za ta saurare ka ba, inda damuwar ta ja ta nan za ta bi. Kana iya ganin abin da idonka: ka buɗe farin shafi a fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka, ka sa tabarau mai tace haske irin na direbobi, ka karkata kai har fuskar ta yi duhu, sai ka sa gilashin a tsakani. Inda ke da damuwa zai yi haske. Maganinsa gashi a tanda, borosiliket a wajen digiri 560, a bar shi ya huce a hankali. Idan ba tanda, ka yanka nesa da tsohon wurin wutar, kamar ninki biyu ko uku na faɗin bututun. Kuma tunda na san halin rashin kayan aiki, kada ka ce za ka yi atisaye da tsohon dogon ƙwan lantarki. Akwai zaiba a cikinsa, ga farin garin da ke manne a bangon, ba abin da za ka kai baki ko wuta ba ne.

Tabon da ke gindin babban yatsana na dama ba wajen yanka na same shi ba, wajen cusa bututu a toshiyar roba ne, a shekarata ta biyu da fara aiki. Bakin ban lasa masa wuta ba, ban shafa komai ba, na kuma riƙe shi can nesa ina turawa da tafin hannu. Ya karye, guntun ya shige. Ɗinki huɗu. Ka shafa giliserin ko ruwa, ka riƙe bututun dab da toshiyar, santimita biyu ko uku, ka riƙa murzawa kana turawa kaɗan-kaɗan, hannu a cikin tsumma. Ka koya wa ɗalibanka haka, don su suka fi faɗawa wannan. Idan tsautsayi ya faru, raunin ya yi zurfi, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu ba ka jin taɓawa, a danne da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti, kada a tsaya tono gilashin a gida. Ɓarɓashi kuma a share da buroshi, a tara a gwangwani mai murfi a rubuta a jiki. Kwandon shara na makaranta yara ne ke kwashewa, bola kuma akwai masu tonon ta da hannu.

Ga aikin da zan ba ka. Irin waɗannan bututun galibi da tsawon mita ɗaya da rabi suke zuwa. Ka sadaukar da guda ɗaya na milimita 8, ka sa alama kowane santimita 10, ka yanka shi gunduwa 15, yanka 14 ke nan. Kowace gunduwa ka tsayar da ita a kan tebur ta bakin da ka yanka. Wadda ta tsaya da kanta ta ci, wadda ta faɗi ka duba bakinta ka gano ko zanen ne ya karkace ko jan ne ya yi kaɗan. Gunduwoyin ba asara ba ne, da su za ka koyi lasa wuta da lanƙwasa. Ran da goma suka tsaya a jere, ka koma kan na 18. Na 40 kuwa ka fara gwada ɗigon zafin a kan ragowar wanda ya tarwatse, kafin ka taɓa sabo.